Man Neja Delta: Ganga Nawa Ake Haƙowa a Shekara, Kuma Me Ke Sa Lissafin Hawa da Sauka?

Duk shekara idan shugaban ƙasa ya kai kasafin kuɗi gaban majalisa, lambobi biyu ne ke riƙe da sauran: farashin da aka yi wa gangar ɗanyen mai, da yawan gangar da ake sa ran haƙowa kullum. Albashin malamin firamare a Gumel da kwangilar titi a Yola duk suna rataye a kansu. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin rijiyar mai da idonsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da haƙar mai da iskar gas a gaɓar tekun Najeriya.

A ina ake haƙo man, kuma yaushe aka fara?

A yankin da kogin Neja ya rarrabu ƙoramu-ƙoramu kafin ya faɗa tekun Atlantika, da kuma cikin tekun da ke gabansa. Jihohin Akwa Ibom, Delta, Ribas da Bayelsa su ne manya, sai Ondo, Edo, Imo da Abiya suna biye. Legas ta shiga sahu a 2016 da filin Aje da ke cikin ruwanta.

Rijiyar farko da ta ba da man sayarwa ita ce ta Oloibiri, a jihar Bayelsa ta yanzu, wadda kamfanin Shell-BP ya tona a 1956. A 1958 jirgin farko ya tashi da ɗanyen man Najeriya, lokacin ana samun ganga kusan 5,100 a rana. Ƙasar ta shiga OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a 1971, aka kafa NNPC, kamfanin mai na ƙasa, a 1977. Ita kuwa Oloibiri tun kafin ƙarshen shekarun 1970 aka daina jan mai a cikinta.

To ganga nawa ake haƙowa a shekara?

Ganga ɗaya lita 159 ce. A 2005, shekarar da harka ta fi yin kyau, an haƙo sama da ganga miliyan 900, wato kusan miliyan biyu da rabi a rana. A 2019 an sami kimanin miliyan 735. Daga nan aka gangaro: rahoton NEITI, hukumar da ke bin diddigin kuɗin ma'adinai, ya nuna kimanin miliyan 566 a 2021, miliyan 491 a 2022, sai ɗan farfaɗowa zuwa miliyan 537 a 2023.

Shekarar 2022 ce ta fi muni. A watannin Agusta da Satumba ɗanyen man ya faɗi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana, har Angola da Libiya suka sha gaban Najeriya, ƙasar da ta saba tinƙaho da cewa ita ce uwa a harkar mai a Afirka. Abin takaicin shi ne a daidai shekarar ne farashin ganga ya haura dala 100 saboda yaƙin Rasha da Yukren. Kasuwa ta yi kyau, mu kuma ba mu da haja.

Idan ka ji an ce "miliyan ɗaya da rabi a rana", ninka shi sau 365, za ka sami kusan miliyan 548 a shekara. Kasafin 2025 an gina shi ne a kan ganga miliyan 2.06 a rana, kusan miliyan 752 ke nan a shekara. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ake cikewa da bashi.

Me ya sa OPEC ke faɗin wani adadi, gwamnati na faɗin wani?

Sau da yawa ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Akwai wani ruwa mara nauyi da ke fitowa tare da iskar gas, ana kiransa kondenset. Ana sayar da shi kamar ɗanyen mai, amma OPEC ba ta sa shi cikin kason da ta yanka wa kowace ƙasa. Kason Najeriya a 2024 da 2025 ganga miliyan 1.5 ne a rana na zallar ɗanyen mai. Hukumar NUPRC, mai kula da haƙa, takan fitar da lambobi biyu, da kondenset da kuma ba shi. Jami'in da ke son a yaba masa ya san wadda zai karanta wa 'yan jarida.

Sannan OPEC kanta jeri biyu take bugawa kowane wata: abin da ƙasa ta faɗa da bakinta, da abin da masu bin sawun jiragen dakon mai suka ƙiyasta. Akwai kuma tsohuwar matsalar awo. An daɗe ana auna man ne a tashar da ake loda shi a jirgi, alhali abin da ya fito daga bakin rijiya ƙiyasi ake yi. Duk abin da ya salwanta a hanya, sai a yi ta musu a kan yawansa.

Ko dai man ne ya fara ƙarewa?

Hukuma ta ƙiyasta ganga kusan biliyan 37 da aka tabbatar suna ƙarƙashin ƙasa. Da yadda ake haƙowa yanzu, zai kai shekara sittin da wani abu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, kuma tonon ne ya yi ƙaranci.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Rijiyar mai ba famfo ba ce da za a buɗe ta yi ta zuba daidai wa daida har abada. Ranar da aka fara jan ta, matsin da ke turo man sama yana da ƙarfi. Shekara na tafiya matsin na raguwa, ruwan gishiri na ƙara gauraya da man, har ta kai tsohuwar rijiya tana fitar da ruwa fiye da mai. Saboda haka kamfanin da ke son ya riƙe adadinsa na bara dole ya tona sababbin rijiyoyi, ya gyara tsofaffi, ya tura ruwa ko gas ƙasa don ya dawo da matsi. Tsayawa wuri ɗaya ma sai da kuɗi. Neja Delta ta fi wasu wurare buƙatar wannan, domin man ba a tafki guda yake ba kamar na Saudiyya. Ɗaruruwan ƙananan filaye ne a warwatse cikin yashin da masana ƙasa ke kira shimfiɗar Agbada, kowanne da rijiyoyinsa da bututunsa.

Me ya tsayar da tonon? Na farko, NNPC ta shafe shekaru ba ta biyan kasonta na kuɗin aiki a haɗin gwiwarta da kamfanoni, har bashin ya taru aka daidaita a kan dala biliyan 5.1 a 2016. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na biyu, dokar sake fasalin harkar mai ta shiga majalisa a 2008, ba a sa mata hannu ba sai Agustan 2021. Shekara goma sha uku mai kuɗi bai san harajin da zai biya gobe ba, sai ya kai jarinsa Guyana ko Burazil. Na uku, annobar korona ta karya farashi a 2020, aka soke ayyuka da dama. NUPRC ta ce a 2021 injinan haƙa takwas kacal ke aiki a duk faɗin ƙasar. A ganina faɗuwar 2022 tun a waɗannan shekarun aka shuka ta, ɓarayi sun zo ne suka ƙarasa. Hukumar ta ce injinan sun haura 30 a 2024, ko da yake adadin da OPEC ke bugawa bai kai haka ba.

Yaya ake tona rijiyar mai?

Ana fara da aika sauti mai ƙarfi cikin ƙasa, a naɗi amsa-kuwwarsa, kwamfuta ta zana yadda duwatsu da yashi suka kwanta. Idan an ga wurin da ake zaton mai ya taru, sai a kafa injin haƙa. Ƙarfe ne mai haƙora a ƙarshen dogon bututu yana juyawa, ana ƙara masa tsawo gaɓa-gaɓa, har kilomita biyu, uku ko huɗu. Ana tura wani taɓo na musamman ta cikin bututun, ya sanyaya haƙoran, ya kwaso tsakuwa, ya kuma danne matsin ƙasa kada rijiyar ta yi aman wuta. Daga nan a zura bututun ƙarfe a ɗaure shi da siminti, a ɗora tarin makullai a bakin rijiyar. Ma'aikata na kiran wannan tarin bishiyar Kirsimeti.

Wurin da ake tonon ne ke yanke tsada. A tudu mota ke kai kaya. A fadama sai an yashe hanyar ruwa an jawo injin a kan kwale-kwalen ƙarfe. A bakin teku injin na tsayawa da ƙafafu a kan ƙasan ruwa. A tsakiyar teku kuwa, inda zurfin ruwa ya wuce mita 1,000, jirgi ne ke tonon yana shawagi, kuma hayarsa ta kwana ɗaya takan kai dubban ɗaruruwan daloli. Ba kowace rijiya ke ba da mai ba. Wata a kashe kuɗin a tarar da ruwa.

Ina man ke zuwa bayan ya fito?

Na tudu da fadama da bakin teku yana bi ta tashoshin tara mai, inda ake raba shi da gas, sannan manyan bututu su kai shi gaɓar teku: Bonny a Ribas, Brass a Bayelsa, Forcados da Escravos a Delta, Qua Iboe a Akwa Ibom. Da sunayen nan ake sayar da shi a kasuwar duniya. Man Najeriya ba shi da nauyi, kuma farar wutar da ke cikinsa kaɗan ce, shi ya sa matatu ke sonsa. A da Amurka ce babbar mai saye, fiye da ganga miliyan ɗaya a rana, amma da ta fara haƙo nata daga duwatsun Texas da Dakota ta Arewa, sayayyar ta kusa kai sifili a 2014. Yanzu Turai da Indiya da Indunusiya ne manyan abokan ciniki.

Me ya sa manyan kamfanoni suka koma tsakiyar teku?

Don can babu mai zuwa da zarto. Filin Bonga na Shell, kimanin kilomita 120 daga gaɓa, ya fara aiki a 2005. Erha na ExxonMobil ya biyo a 2006, Agbami na Chevron a 2008, Akpo na Total a 2009, Usan a 2012, Egina a ƙarshen 2018. A kowannensu an girke wani ƙaton jirgi wuri guda, yana karɓar man daga rijiyoyin ƙasan teku, ya ware ruwa da gas, ya adana, jirgin dako ya zo ya ɗauka. Man bai taɓa taka ƙasar Najeriya ba. Jirgin Egina kaɗai yana ɗaukar ganga sama da miliyan biyu, kuma an tsara shi ya fitar da 200,000 a rana.

Ba don waɗannan filaye ba, da lissafin 2022 ya fi haka muni. Sai dai su ma suna tsufa, kuma bayan Egina ya fara aiki an yi shekara shida ba a amince da wani babban aiki a zurfin teku ba.

Wane ne ke da man, gwamnati ko kamfani?

Tsarin mulki ya ce duk man da ke ƙarƙashin ƙasa da ruwa na gwamnatin tarayya ne. Kamfani lasisi yake samu. A tudu da bakin teku, tsohon tsarin haɗin gwiwa ne: NNPC na da kashi 60 a yawancinsu, kashi 55 a wanda Shell ta jagoranta, kowa ya zuba kuɗi gwargwadon kasonsa ya ɗebi mai gwargwadonsa. A zurfin teku, kwangilolin da aka ƙulla a 1993 sun ce kamfani ya kashe kuɗinsa shi kaɗai, in an sami mai ya fara cire abin da ya kashe, sannan a raba riba. Shi ya sa ganga ɗaya ta tsakiyar teku ba lalle ta kawo wa baitulmali abin da ganga ɗaya ta fadama ke kawowa ba.

Fuskokin ma sun canza. Oando ta sayi kamfanin Agip na tudu a 2024, Seplat ta sayi filayen ExxonMobil na bakin teku a ƙarshen shekarar, ƙungiyar kamfanoni ta Renaissance ta karɓi na Shell a Maris 2025. Yanzu 'yan ƙasa ne ke riƙe da mafi yawan tsofaffin rijiyoyi, tare da tsofaffin bututu da tsofaffin rigingimu. Wanda ya sayi gida ya sayi yoyonsa.

Satar mai fa, gaskiya ce ko uzuri?

Gaskiya ce. NEITI ta ƙiyasta ganga miliyan 619.7 da suka salwanta daga 2009 zuwa 2020. Satar iri biyu ce. Akwai ƙanana, masu huda bututu su dafa ɗanyen mai a tankunan ƙarfe cikin daji su fitar da man dizal da kananzir. Mutanen yankin na kiran sana'ar "kpo-fire", kuma tana cikin abin da ake dangantawa da baƙin hayaƙin da ya riƙa sauka a Fatakwal tun 2016. Akwai kuma manya, masu loda jirgi. A Oktoban 2022, bayan an ba kamfanin Tantita na tsohon jagoran tsageru Tompolo kwangilar gadin bututu, aka gano wani bututun sata mai tsawon kilomita huɗu da ya nufi teku, shugaban NNPC na lokacin ya ce ya yi shekara tara yana aiki. Shekara tara! Mai kwale-kwale da jarka ba ya shimfiɗa irin wannan. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Amma a lura da wani abu. Asarar da ta fi girma ba man da aka sace ba ne kaɗai. Idan kamfani ya ga abin da ya tura bututu ba ya isa tasha, rufe rijiyoyin yake yi. A Maris 2022 Shell ta sanar cewa ba za ta iya cika alkawarin lodin man Bonny ba, kuma sanarwar ta kai shekara guda. Man yana ƙasa ba a sace shi ba, amma ba a sayar ba, kuma rijiyar da ta daɗe a rufe ba koyaushe take dawowa yadda take ba.

Kafin nan an yi zamanin tsageru: ƙungiyar 'yan bindiga ta MEND daga 2006 har afuwar marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009, sai Niger Delta Avengers da suka fasa bututun Forcados na ƙarƙashin teku a Fabrairun 2016.

Iskar gas ɗin da ake ta magana a kanta?

Tana da yawa ƙwarai: kimanin kubik ƙafa tiriliyan 210, mafi girma a Afirka. Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny yana sanyaya ta har ta zama ruwa, ya loda a jirgi. Ya fara fitarwa a 1999, yana da layuka shida masu ɗaukar tan miliyan 22 a shekara, ana gina na bakwai da zai kai shi miliyan 30. Wani kason yana tafiya tashoshin wutar lantarki da masana'antun taki da siminti, wani kuma ta bututun Afirka ta Yamma zuwa Benin da Togo da Ghana. Da yake gas mai yawa tare da mai yake fitowa, duk ranar da aka rufe rijiyar mai, NLNG da tashoshin wuta su ma suna ji a jikinsu.

Sauran kuma ana cinna masa wuta. Dokar 1979 ta sa 1984 a matsayin ranar daina ƙona gas. An ɗage ranar sau da yawa har an daina ƙirgawa. An rage ƙonawar sosai idan aka kwatanta da da, amma har yau akwai ƙauyukan da dare ba ya yin duhu, a ƙasar da mata ke girki da itace saboda tsadar gas.

Mutanen yankin me suka samu?

Masunci da manomi su suka fi ɗanɗana kuɗa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni, wanda ya fito a 2011, ya tarar da sinadarin benzin mai jawo kansa a ruwan sha na Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900. Ya ce gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30. Wannan a wurin da aka daina haƙa tun 1993, shekara biyu kafin a rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Mutanen Bodo sun kai ƙara Landan kan malalar 2008, aka sasanta a kan fam miliyan 55 a 2015.

Ta fuskar kuɗi akwai hukumar raya yankin Neja Delta, NDDC, tun 2000, akwai kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanoni da dokar 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙa a cikinsu, akwai kuma kashi 13 cikin 100 na kuɗin mai da ake mayar wa jihohin da aka haƙo shi.

Shi kashi 13 ɗin, har da man cikin teku?

A jamhuriya ta farko yankin da arziki ya fito yana riƙe rabi. Gyaɗa da auduga da koko duk a haka aka raba su. Sojoji suka yi ta zaftarewa har ya koma kashi 1.5, tsarin mulkin 1999 ya mayar da shi aƙalla 13. A 2002 Kotun Ƙoli ta ce iyakar jiha ta tsaya a bakin ruwa, hukuncin da ya kusa tsiyata Akwa Ibom, wadda yawancin manta a teku yake. Sai aka yi dokar 2004, wadda ta ce man da ke inda zurfin ruwa bai wuce mita 200 ba a lissafa shi na jihar da ke gaɓar. Abin da ya wuce nan, irin su Bonga da Egina, na asusun tarayya ne ba tare da kashi 13 ba. Kuros Riba kuwa, bayan an miƙa Bakassi ga Kamaru, ta rasa rijiyoyi 76 ga Akwa Ibom a hukuncin 2012.

Muna haƙo mai, me ya sa matatar Dangote ke sayo ɗanye daga Amurka?

Matatar da ke Lekki an gina ta ta ci ganga 650,000 a rana, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ƙasar ke haƙowa. Kason kamfanoni nasu ne. Kason NNPC kuma an riga an jinginar da wani ɓangarensa, misali bashin dala biliyan 3.3 na bankin Afreximbank a 2023, wanda da ɗanyen mai ake biyansa. An fara sayar wa matatar ɗanye da naira a Oktoban 2024, amma abin da ake ba ta bai ishe ta ba.

Arewa fa?

Matatar Kaduna, da aka buɗe a 1980, da man Escravos take aiki ta bututun da ya ratso ɗaruruwan kilomita, kuma ta daɗe a kwance. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020; gas ɗin da zai ɗauko na Neja Delta ne, don haka masaƙar Kano da ke jiransa tana da ruwa da tsaki a abin da ke faruwa a fadamar Ribas. A Kolmani, iyakar Bauchi da Gombe, marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙa a Nuwamban 2022, amma man wurin bai shiga lissafin shekara ba tukuna. Nijar ta riga mu a wannan: man Agadem yana ciyar da matatar Zinder tun 2011, kuma a 2024 ya fara fita ta bututun kusan kilomita 2,000 zuwa tashar Seme a gaɓar Benin.

Yaushe za a sake ganin miliyan biyu a rana?

Gyaran tsofaffin rijiyoyi da gadin bututu suna dawo da ganga cikin watanni, kuma su ne suka ɗaga lissafin daga ramin 2022. Babban fili kuwa yana cin shekara huɗu zuwa shida daga ranar da aka amince da kuɗinsa. Shell ta amince da aikin Bonga ta Arewa a Disamban 2024, na kimanin dala biliyan 5, wanda aka tsara zai ba da ganga 110,000 a rana, kuma ita da kanta ta ce sai wajen ƙarshen shekarun 2020 gangar farko za ta fito.